Rigar Sanyi ta Gwanjo da Ƙasar Noma a Yankin Tamawa

Da zarar hunturu ya kankama, kasuwannin Dutsin-Ma da Kurfi sukan cika da jaket da suwaita na gwanjo, kuma daga nan suke isa ƙauyuka irin su Tamawa. Yawancinsu an ɗinka su ne domin masu hawan tsaunuka da mazauna ƙasashen ƙanƙara a Turai da Amurka. Duk da haramcin da gwamnatin Nijeriya ta ɗora wa shigo da tsofaffin tufafi, dilolinsu sukan sauka a tashar Kwatano, wasu su biyo ta Maraɗi su faɗo Jibiya.

Kamfanonin da ke ƙera waɗannan riguna sun daɗe suna shelar kare muhalli. Tun a 1993 kamfanin Patagonia na Amurka ya fara saƙa rigar sanyi da zaren da aka samo daga tsofaffin gorunan roba, daga baya kuma ya buɗe shirin Worn Wear na gyara riguna da sake sayar da su. Akwai kuma batun sinadaran PFAS da ake shafa wa yadi don ruwa ya zame a kansa. Da ƙyar suke narkewa a ƙasa ko a jikin ɗan'adam, shi ya sa Faransa ta kafa doka a 2025 da ta hana amfani da su a tufafi daga 2026.

Sai dai dokar ta shafi sabuwar riga ce kawai. Wadda aka ɗinka shekaru goma da suka wuce tana nan da sinadarinta, kuma ita ce ke cikin dila. Zaren roba kuwa, ko da daga tsohuwar gora aka yi shi, roba ne: ba ya ruɓewa.

A nan ne lamarin ya taɓa manomi. Bahaushe ba ya gaggawar yar da tufa. Riga takan sha faci, ta sauka daga wa zuwa ƙane, ta koma gammo ko tsumma, ko a cusa ta a matashi, kafin ta kai bola. Bolar kuma ba ƙarshen tafiya ba ce, domin da rani ake kwashe ta a jaki ko amalanke zuwa gona a matsayin taki. Wannan tsari ya ginu ne a kan auduga. Tsumman gwado ko saƙi yakan ruɓe, gara ta ci, ya koma ƙasa. Tsumman jaket kuwa sai dai ya daddage ya zama ƙananan zaruruwa, garma ta binne wasu, ruwan damina ya kwashi saura zuwa rafuka, a yankin da madatsar ruwan Zobe take. In an ƙone shi, kamar yadda ake yi wa shara da sanyin safiya, yaran da ke jin ɗumi su ne ke shaƙar hayaƙin.

Ba adalci ba ne a ɗora wa mai saye laifi. Ɗan acaɓan da ke fita da asuba a watan Janairu yana buƙatar abin da zai tare masa iska, kuma gwado ba ya hawa babur. Ƙari ga haka, jaket ɗin gwanjo ya fi saƙin hannu araha nesa ba kusa ba, ga shi masaƙan gargajiya sun yi ƙaranci a jihar da ta yi suna da audugar Funtua da Malumfashi.

Abin lura shi ne, gyaran da Patagonia ke tallatawa a matsayin sabon tunani, shi ne aikin yau da kullum na telan bakin kasuwa da ke canza zif ya ɗinke aljihu. Tsawaita rayuwar rigar ana yin sa a nan ba tare da tallafin kowa ba. Abin da babu shi ne hanyar mayar da ita idan ta mutu, domin shirye-shiryen karɓar tsofaffin riguna na kamfanonin suna tsayawa ne a ƙasashen da suke da kantuna, ba sa bin dila zuwa Kurfi.