Abin da Ya Sa Batirin Waya Ke Daɗewa

Sa'ad da aka tura mu koyon aikin koyarwa a Khaddamari, hedkwatar ƙaramar hukumar Jere, wani yaro ɗan aji shida ya yi mini tambayar da ta ɗaure mini kai. Ya ce, "Malam, wayar babana kullum a kunne take tana jiran kira, amma takan yi kwana huɗu ba caji. Ƙaƙa ke nan?" Na yi shiru, yara sun zuba mini ido. Kunyar ran nan ita ta sa na bincika, ga kuwa abin da na samo.

Tambayar ba ta wasa ba ce a ƙasarmu. A watan Janairu na 2021 aka rushe turakun da ke kawo wutar lantarki Maiduguri daga Damaturu. Aka gyara a watan Maris, bayan 'yan kwanaki aka sāke rushe su. Wata da watanni sai mutum ya biya mai janareta kafin ya sami caji. Wanda batirinsa ya mutu kuwa ya rabu da labarin 'yan'uwansa ke nan.

To, cikin kowace waya akwai baki, akwai kunne. Bakin ba ya aiki sai za a aika da saƙo, amma kunnen tilas ya yi tsaro dare da rana. Saboda haka masana suka dage wajen rage masa aiki, gama ƙarfin batiri yana ƙarewa gwargwadon aikin da aka sa shi. Dabarunsu manya uku ne.

Ta fari, tun da wayar GSM ta shigo Nijeriya a 2001, ba muryar mutum kanta ke bin iska ba. Waya takan mai da murya lambobi iri biyu tak, watau 0 da 1. Kunnen ba ruwansa da daɗin murya, abin da zai rarrabe kurum shi ne, wannan ce ko waccan? Ko da ƙara ta ɗan ɓata saƙon, yana iya mai da shi sabo ful.

Ta biyu ita ce barci. Waya da hasumiyar sadarwa sukan yi alkawarin lokaci. A tsarin GSM, bayan kowane rabin sakan zuwa sakan biyu kunnen yakan farka, ya saurara na ɗan lokacin da bai kai ƙiftawar ido ba. In bai ji an kira lambarsa ba, sai ya koma barci. Hasumiya ta san lokacin farkawarsa, ba ta kiransa sai a sa'an nan. Ashe wayar da muke tsammani a farke take, yawancin yini barci take yi. Amsar yaron nan ke nan.

Ta uku, mu malamai za mu fi kowa gane ta. Saƙon da ya taso daga hasumiya yakan bugi gine-gine da itatuwa, ya iso waya sau da yawa, wani a bayan wani, kamar amsa-kuwa. Ku tuna da shifta a ɗakin da ke amsa murya. In malami ya yi sauri, kalma takan hau kan kalma, yaro ya wahala kafin ya raba su. In ya bi sannu, yana ɗan dakatawa, amsa-kuwar takan mutu kafin wata kalma ta zo. Haka aka yi a tsarin 4G, wanda aka fara aiki da shi a Siwidin da Nowe a 2009. Maimakon hanya guda mai gudu, sai aka raba saƙo bisa ƙananan hanyoyi, har 1,200 a tashi ɗaya, kowace tana tafiya a hankali da ɗan hutu tsakani. Saƙo ya isa da wuri, kunne kuwa lissafi kaɗan zai yi. Sannu ba ta hana zuwa.

Sai dai akwai abin lura. In sabis ya yi rauni, waya takan ɗaga murya domin hasumiya ta ji ta, har ta kai wat 2 a tsarin GSM. In sabis ya ɗauke sarai, barci ya ƙare, sai ta yi ta nema. Don haka batiri ya fi saurin mutuwa a gona da ya yi a cikin gari. Idan za ku shiga inda ba sabis, ku kashe waya, ku kunna in kun fito.

Da na koma ajin na bayyana wa yaron, sai ya ce, "Ashe ita ma tana gyangyaɗi kamarmu!" Na ce i, amma ita ta san lokacin farkawa.

'Yan'uwa, mu riƙa sauƙaƙa wa mai sauraro. Nauyin yana kan mai magana.