Begen Shirye-shiryen Kacici-kacici Na Talabijin: Tsokaci Daga Ƙasar Ɗandume

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya zauna majalisar dattawan 'yan boko a Ɗandume ko Funtuwa ko Malumfashi, ya tsokano hirar talabijin ta zamanin da, da wuya a tashi ba a ambaci abubuwa biyu ba, watau wasannin kwaikwayo irin su Samanja Mazan Fama, da kuma gasar kacici-kacici ta makarantu. Masana sun yi rubuce-rubuce da dama a kan wasan kwaikwayo, amma kacici-kacici bai sami irin wannan kulawa ba, alhali kuwa shi ya fi kusa da aikinmu na malanta. Manufar wannan takarda ita ce ta bayyana asalin wannan shiri da tsarinsa, da dalilin da ya sa mutane suke begensa, da kuma abin da malaman horon malamai za su iya tsinta daga wannan bege. Na riski ƙarshen zamanin ina yaro, na kuma ji labarin farkonsa daga bakin iyaye da malamaina.

2.0 Kacici-kacici Kafin Talabijin

Kalmar kacici-kacici ta girmi akwatin talabijin nesa ba kusa ba. A al'adar Bahaushe, wasa ne na wasa ƙwaƙwalwa da yara kan yi da dare a gaban tsofaffi, galibi kafin a shiga tatsuniya. Mai tambaya zai ce, "Shanuna dubu maɗaurinsu ɗaya," a ce masa tsintsiya. Ko ya ce, "Baba na ɗaka gemu na waje," a ce masa wuta da hayaƙi. Idan an kasa, sai a ba mai tambaya gari, in garin ya yi masa ya karɓa, sa'an nan ya faɗi amsa.

Akwai abubuwa uku a cikin wannan wasa da ya kamata mu riƙe. Na farko, a bainar jama'a ake yin sa. Na biyu, wanda ya kasa ba ya tashi hannu banza, domin dole a faɗa masa amsa. Na uku, ladan da ake ci ba kuɗi ba ne, suna ne kawai, tun da garin da ake bayarwa na baki ne. Saboda haka lokacin da gidajen rediyo da talabijin suka kawo gasar tambayoyi irin ta Turawa, Bahaushe bai sha wuyar raɗa mata suna ba, sai ya ɗauko tsohon sunan da ya sani ya ba ta.

3.0 Zuwan Talabijin Da Tsarin Gasar

An buɗe gidan talabijin na farko a Nijeriya a Ibadan cikin shekarar 1959. Na Jihar Arewa ya biyo baya a Kaduna cikin 1962, ita ce kuma shekarar da aka fara shirin University Challenge a Ingila, inda ɗaliban jami'o'i suke karawa da juna. A 1977 gwamnatin tarayya ta kafa Hukumar Talabijin ta Nijeriya, watau NTA, ta haɗa tashoshin da ke akwai a ƙarƙashinta. Daga baya jihohi suka koma kafa nasu, kamar yadda gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa CTV 67 a Kano. A duk wannan lokaci ƙasar Funtuwa da Malumfashi tana ƙarƙashin Kaduna ne, sai a 1987 aka yanke Jihar Katsina, don haka Kaduna ce alƙiblar mai akwatin talabijin a wannan yanki.

Wannan bunƙasa ta zo daidai da shirin ba da ilmin firamare kyauta ga kowa, wanda aka ƙaddamar a 1976. Makarantu suka yawaita, aka buɗe kwalejojin horon malamai, 'ya'yan manoma suka shiga aji da yawan da ba a taɓa gani ba. Gidajen talabijin kuwa na gwamnati ne, an ɗora musu nauyin ilimantarwa da wayar da kai, ga shi kuma gasar kacici-kacici ba ta cin kuɗi da yawa. Teburi biyu da ƙararrawa da allon maki sun isa.

Tsarin gasar sananne ne ga duk wanda ya yi makaranta. Makarantu biyu kan fuskanci juna, kowace da wakilanta. Akwai mai tambaya, da mai kula da lokaci, da mai rubuta maki. Ɗalibi zai zaɓi lamba, a karanta masa tambayar da ke ƙarƙashinta, a ba shi 'yan daƙiƙoƙi. In ya kasa, tambayar ta koma wa abokan karawa a matsayin garaɓasa. Tambayoyin sun shafi lissafi da kimiyya da Ingilishi da tarihi da labarin ƙasa da al'amuran yau da kullum. Kyautar ba ta wuce kofi ko garkuwa da littattafai ba.

4.0 Me Ake Bege?

A ganina, kafin a gane wannan bege sai an fara gane yadda ake kallon. A ƙauyuka da ƙananan garuruwa akwatin talabijin abu ne na ɗaiɗaikun gidaje. Akan ɗaure eriya a kan dogon gora, a riƙa juya ta har hoto ya washe, inda babu lantarki kuma a jona batirin mota. Tasha ɗaya ake kamawa, ita ma sai da yamma take buɗewa ta rufe cikin dare. Mai akwati kan fito da shi ƙofar gida, yara su zauna gaba a ƙasa, manya a baya bisa benci. Ke nan abin da mutum ɗaya ya gani shi kowa ya gani, shi ne kuma abin hira washegari a makaranta da kasuwa.

A irin wannan zama, kacici-kacici ya bambanta da sauran shirye-shirye, domin mai kallo ma ɗan gasa ne. Da an karanta tambaya sai yara su yi rige-rigen amsawa kafin na cikin akwati. Wani tsohon malamina na firamare ya taɓa gaya mini cewa a nan yake gane yaran da ke da kai amma kunya ta hana su magana a aji. Yaron da ya riga na talabijin faɗin babban birnin wata ƙasa, a gaban mahaifinsa da maƙwabta, ya sami abin da sakamakon jarrabawa ba ya bayarwa. Mahaifin da bai yi boko ba, wanda kuma yake ƙyashin rasa hannu ɗaya a gona lokacin noman masara ko tsinkar auduga, ya ga amfanin makaranta da idonsa.

To, wannan shi ne ainihin abin da ake bege. Mutane kaɗan ne za su iya tuna ko da tambaya ɗaya daga cikin waɗanda aka yi. Abin da suke tunawa shi ne lokacin da ilmi yake da daraja a idon jama'a, har ake nuna ɗan talaka a talabijin ba don komai ba sai don ya san abu. Kayan makarantar da ke jikinsa irin na ƙanensu ne, sunan makarantarsa kuma suna ne da suka sani.

5.0 Yadda Shirin Ya Ja Baya

Abubuwa da dama suka taru suka rage wa wannan shiri ƙarfi. Matakan tsuke bakin aljihu da aka fara a 1986 sun sa an matsa wa gidajen watsa labarai na gwamnati su nemi kuɗin shiga da kansu, sai lokacin shirye-shirye ya koma na sayarwa, makaranta kuwa ba ta da kuɗin saye. A 1990 aka fara finafinan Hausa na bidiyo a Kano, a 1992 aka yi dokar da ta ba 'yan kasuwa damar kafa tashoshi. Daga nan sai tauraron ɗan'adam ya shigo da ƙwallon ƙafa na Turai, wayar hannu ta zo a 2001. Taron ƙofar gida ya watse, kowa ya kama abin da ransa ke so.

Gasar tambayoyi ba ta mutu ba, kama ta sake. A 2004 aka fara shirin Who Wants to Be a Millionaire a Nijeriya, wanda asalinsa daga Ingila ne a 1998, Frank Edoho yana gabatarwa. Shi ne shirin da tsararrakina suka tashi da shi, shi muke bege idan an yi zancen. Na tuna muna kallonsa a wani shago da ke da janareta, kowa yana ihun amsarsa. Tambayoyi 15 ne, kowace da zaɓi huɗu, ɗan gasa yana iya kiran aboki ta waya, ko ya tambayi 'yan kallo, ko a cire masa amsoshi biyu marasa daidai. Babbar kyautar ta kai naira miliyan 10. An dakatar da shirin a 2017, aka sake farfaɗo da shi a 2022.

Sai dai akwai bambanci babba tsakaninsa da gasar makarantu. A nan mutum ɗaya ne ke neman dukiya don kansa, a can kuwa yara ne ke kare sunan makarantarsu. Tarihi ma ya nuna haɗarin da ke tattare da shigar manyan kuɗi cikin wannan harka. A Amurka, cikin shekarun 1950, an gano cewa masu shirya wasu gasanni, ciki har da wanda ake kira Twenty-One, suna ba wasu 'yan gasa amsa a ɓoye don a ja masu kallo, har majalisar dokokin ƙasar ta yi bincike a 1959.

6.0 Abin Da Bege Ke Ɓoyewa

Bai kamata malami ya karɓi bege yadda ya zo ba, don mai bege daɗin yake tunawa. Akwai naƙasu guda uku a tsohon tsarin. Na farko, yawancin tambayoyin na hadda ne: wane ne, a ina, a wace shekara. Ba safai ake tambayar me ya sa ko ta yaya ba. A nan kacici-kacicin gargajiya ya fi, domin ba a warware shi sai an kwatanta abu da abu. Na biyu, Ingilishi ne harshen mafi yawan gasar sakandare, saboda haka yaro mai kaifin basira amma mai raunin Ingilishi ba ya shiga, iyaye da yawa kuma suna kallo ne ba tare da sun ji abin da ake cewa ba. Na uku, makarantun da ke kusa da tasha su suka fi fitowa. Ɗan ƙauye mai kallo ne galibi, 'yan mata na karkara kuwa sau da yawa ko wurin kallon ba sa zuwa.

Wajibi ne kuma mu dubi halin da yankinmu ya shiga. A watan Disamba na 2020 aka sace ɗalibai fiye da 300 a makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara, abin da ya jawo rufe makarantun kwana na wani lokaci. A watan Satumba na 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina, har da Ɗandume da Funtuwa da Malumfashi. A irin wannan yanayi, uban da ke shakkar boko ya sami ƙarin hujja, don haka bukatar a nuna masa amfanin makaranta a fili ta fi ta da. Na kuma lura a watannin da babu waya cewa mutane sun koma ga akwatin rediyo, suna taruwa suna saurare tare. Ashe dai al'adar taro ba ta mutu ba.

7.0 Kammalawa

Ba za a iya komar da zamanin tasha ɗaya ba, ba kuma shi ake nema ba. Abin da za a iya komarwa shi ne girmama ilmi a bainar jama'a, muna kuwa da misali a gida. Musabaƙar karatun Alƙur'ani ta ƙasa, wadda Jami'ar Sakkwato ta fara shiryawa a 1986, ta ɗore har yau domin daga ƙasa take tasowa, daga ƙaramar hukuma zuwa jiha zuwa ƙasa, maza da mata, iyaye kuma suna halarta suna ganin 'ya'yansu.

Saboda haka nake ba da waɗannan shawarwari. Kwalejojin ilmi su koya wa ɗalibansu dabarun tsara tambaya, su kuma sa shirya gasar kacici-kacici cikin ayyukan da ake duba wa ɗalibi lokacin koyarwar gwaji. A riƙa yin gasar da rana a filin makaranta, a gayyaci iyaye da masu unguwanni. A yi wani kaso nata da Hausa, musamman a firamare, a kuma sa tambayoyin da suka shafi rayuwar yaron: lissafin buhunan masara da kuɗin taki, dalilin da ya sa ake juya shuka a gona, tarihin garinsu. Duk tambayar da aka kasa a tsaya a yi bayanin amsarta, kamar yadda ake yi bayan an ba da gari. A ɗauki gasar a na'ura a ba gidajen rediyo da talabijin na jiha, a kuma yaɗa ta ta waya. Kyauta ta tsaya a littattafai da garkuwar da za a rataye a ofishin shugaban makaranta.

Idan aka yi haka, begen da dattawanmu suke yi zai amfani jikokinsu. Allah ya sa mu dace.