Bandar ƴaƴan itace: misalin "suska sechlońska" ta ƙasar Polonya

A ƙasar Hausa, in an ce banda, kifi ko nama ke zuwa a rai. Ƴaƴan itace da kayan lambu kuwa rana a ke bar ma su, kamar yadda a ke yi da kauɗar tumatir. A cikin wannan ɗan rubutu za mu duba wani wuri inda ranar ba ta isa, har ya zama hayaƙi ne ke yin aikinta.

Ɗan itacen da mu ke magana a kai shi ne wanda a ke kira prune da faransanci, Prunus domestica a wajen masana tsirrai. Hausa ba ta da suna nasa, don ba ya fita a ƙasarmu. Girmansa bai kai ƙwan kaza ba, fatarsa shuɗiya ce mai duhu, yana da ƙwallo guda a ciki. A kudancin Polonya, cikin lardin Małopolska, yana nuna wajen watan Satumba, daidai lokacin da sanyi da raɓa ke shigowa. Wanda ya shanya shi a fili a wannan lokaci, ruɓewa zai yi kafin ya bushe. Shi ya sa manoman gundumomi huɗu, wato Laskowa, Iwkowa, Łososina Dolna da Żegocina, su ke yi ma shi banda. Sunan "sechlońska" daga ƙauyen Sechna ya fito.

Ga yadda aikin ke tafiya. A na gina murhu a ƙasa, a shimfiɗa ragar sanduna a samansa, a zuba ƴaƴan itacen da kauri a kai. Wutar ba ta taɓa su. Zafi da hayaƙi ne ke ratsa su daga ƙasa, tsakanin digiri 45 zuwa 60, har kwana 4 zuwa 6, a na juya su kowace rana. Itacen hura wutar ma ba kowane ba ne: mai ƙarfi a ke so, ba a sa mai ƙaro, don hayaƙinsa na kawo ɗaci. Abu biyu ke faruwa tare. Zafi na fitar da ruwa, sukarin da ke ciki ya taru, ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci su rasa danshin da su ke bukata. Shi kuma hayaƙi yana barin wasu sinadarai a kan fatar, musamman dangin fenol, masu hana fumfuna. Saboda wannan kariya ta biyu ba sai an busar da shi ƙarau ba: yana fitowa baƙi, mai sheƙi, da taushi a hannu, zaƙinsa haɗe da tsami da ƙanshin hayaƙi. A na sa shi cikin bigos, dafuwar kabeji da nama, da kuma abin sha na busassun ƴaƴan itace da a ke dafawa daren jajiberin Kirsimeti.

Mutanen wurin na da wata almara a kan asalin sana'ar. Wai wani limamin coci ne ya ga jama'arsa na mai da amfanin gonarsu barasa, sai ya umurce su da su riƙa yi ma shi banda, don wanda ya sha hayaƙi ba ya yin giya. Ba mu ɗauke ta a matsayin tarihi ba.

A shekarar 2010 Tarayyar Turai ta yi ma wannan suna rajista cikin jerin IGP, wato kayan da a ke kare sunansu bisa yankin da su ka fito. A ganinmu nan ne batun ya shafe mu, tun da ƙungiyar OAPI ta yi ma kilishin Nijar da albasar Galmi irin wannan rajista. A Polonya, takardar ta ƙayyade murhu, da irin itace, da zafi, da kwanaki; wanda ya busar da nasa cikin injin lantarki ba shi da ikon sa ma shi wannan suna, ko da a Sechna ya ke zaune. Sai dai hayaƙi na ɗauke da wasu sinadarai masu haɗari, irin su benzopiren da ke iya jawo ciwon daji, kuma yawansu na ƙaruwa in wuta ta yi zafi ainun ko ta kusanci abincin. Masu bandar kifi a yankin Diffa ma da wannan matsala su ke fama.