Gora ɗaya, gishiri da haƙuri: darasin artemiya daga Kasuwar Kurmi



Duk mai ƙyanƙyasar tarwada ya san artemiya. Busassun ƙwai ne kamar garin ƙasa, a gwangwani ake shigo da su, da yawansu daga babban tafkin gishiri na jihar Yuta a Amurka. Ɗan tarwada yana yin kamar kwana 3 yana rayuwa da gwaiduwar da ke cikinsa, daga nan sai ya nemi abin da zai shiga ɗan bakinsa. A nan artemiya ke shigowa, don sabuwar ƙyanƙyasa ba ta wuce rabin milimita ba. A Amurka kuwa tun shekarun 1960 ake sayar wa yara ita da sunan Sea-Monkeys, su yi kiwo a gida.

Yayana yana da rumfa a Kurmi, kasuwar da Sarki Muhammadu Rumfa ya kafa a ƙarni na 15. Ya daɗe yana son shiga harkar kifi. Na ce masa: "Yaya, kafin ka zuba kuɗi a tanki, fara gwada hannunka a gora ɗaya." Ashe 'yarsa mai shekara huɗu ce za ta zama manajan gonar.

Haɗin ba wuya. Ruwa lita ɗaya, in na famfo ne a bar shi ya kwana a buɗe. Gishiri giram 25 zuwa 30, wato kamar cokalin cin abinci biyu. Ƙwai ɗan kaɗan a bakin ƙaramin cokali. A sa injin iska, in babu wuta a riƙa girgiza gorar a hankali. Da ɗumi, awa 24 ta isa su fito. Da hunturun Kano kuwa sai su kai awa 36 ko fiye.

To, je ka gaya wa yarinya ta jira awa 36! Minti kaɗan sai ka ji: "Abba, sun fito?" Da suka fito kuma sai rigima ta koma kan abinci: wai yunwa suke ji, sai ta ba su biskit.

Dabarar uban ta burge ni. Bai kwaɓe ta ba. Ya raba ruwan gora biyu, ya ce: "Mamana, wannan taki ce, wannan tawa." Ya kuma ba ta aikin haska tocila da daddare, tunda artemiya na bin haske, sai ta ga sun taru waje ɗaya suna rawa. Tata ta sha garin biskit safe da yamma. Tasa kuwa ɗan yis ne a bakin tsinke, sai ruwa ya washe yake ƙarawa. Cikin kwana biyu tata ta yi fari tana wari, ba abin da ke motsi. Ta kira ni tana kuka: "Baffa, sun mutu."

Ba yunwa ta kashe su ba. Abincin da ya saura ne ya ruɓe, ya cinye iskar ruwan, ya tara amoniya. Abin da ke kashe 'ya'yan tarwada dubu a tankin sabon manomi ke nan. Mu manya ma haka muke: a cika abinci don su yi saurin girma, a riƙa kamo su ana dubawa kullum, a sa ran kilo ɗaya a wata uku alhali yawanci sai wata biyar zuwa shida.

In za ku gwada da yaranku, ku ba yaro aikin da ba ya ɓarna, abinci kuma ya tsaya a hannunku. Kada ya sha ruwan gishirin. In kun kai ga tanki, ku rufe shi ko ku killace, don ruwa kaɗan ma haɗari ne ga ƙaramin yaro.

Wanda ya iya riƙe gora ɗaya har sati biyu ruwanta bai lalace ba, ya fara shirin riƙe tanki. Allah Ya sa albarka a neman.