Ƙaurar da Bayanai daga Tsohon Harshen Kwamfuta: Ina Makomar Haruffa Masu Ƙugiya?

Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce a bayyana yadda ake kwashe bayanai daga tsohuwar ma'ajiyar kwamfuta zuwa sabuwa, da kuma rawar da masanin Hausa zai taka a wannan aiki.

Tsohon Tsari da Sabo

Kamfanin Ashton-Tate na Amurka ya fito da dBASE III a 1984. Wannan harshe ne da ake umurtar kwamfuta da shi ta ajiye sunaye da lissafi, ta kuma zaƙulo su. Daga tsatsonsa aka sami Clipper da FoxPro. Kamfanin Microsoft ya sayi FoxPro a 1992, ya sanar a 2007 cewa ba zai sake fitar da sabo ba, sannan ya daina kula da shi a 2015. Saboda haka duk wanda bayanansa ke ciki, ƙaura ta kama shi zuwa ma'ajiya irin su PostgreSQL ko MySQL, masu amfani da harshen SQL.

Matsalolin Ƙaura

Domin a fahimci matsalar sosai, sai a ɗauki misali daga Gagarawa Tasha, garin da ke kan hanyar jirgin ƙasa ta Kano zuwa Nguru, a yankin da ya yi suna wajen noman riɗi. A ƙaddara wata ƙungiyar manoma ta ajiye sunayen 'ya'yanta da bashin taki a dBASE, yanzu tana son ta ƙaura.

Matsala ta farko ita ce, a dBASE idan aka share suna, alama kurum ake sa masa, yana nan kwance har sai an ba da umurnin PACK. Idan aka kwashe kome ba tare da lura ba, bashin da aka riga aka soke sai ya farfaɗo a kan manomi.

Ta biyu kuwa ta shafi harshe. Jerin haruffan da tsofaffin kwamfutoci suka zo da shi ba shi da ɓ, ɗ da ƙ. Don haka akawu ya rubuta "ridi" maimakon "riɗi", "Danladi" maimakon "Ɗanladi". Tsarin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya tanadi waɗannan haruffa, kuma sababbin ma'ajiyoyi suna karɓar su. Amma fa na'ura abin da ta tarar shi take kwashewa. Ba ta san ko "kara" na dawa ake nufi ba, ko "ƙara" da ake kaiwa gaban alƙali. In an ce ta mayar da kowane "d" ya zama "ɗ", sai Dauda ya koma Ɗauɗa. Wato gyaran gangar auzinawa ke nan.

Kammalawa

Hanyar da ta dace ita ce a adana kwafin tsohuwar ma'ajiya, a ware sunayen da aka share, a sa wanda ya naƙalci ƙa'idojin rubutun Hausa ya bi kalmomin ɗaya bayan ɗaya, sannan a gwada jimlar lissafin tsohuwa da ta sabuwa kafin a rufe ta farko. Ashe ke nan ɗalibin Hausa yana da gurbi kusa da mai tsara manhaja, domin sunan manomi da haƙƙinsa suna rataye ga rubutu daidai.