Yadda za ka saita laftof ɗinka don jure ɗauke wuta da zafin Haɗejiya

Kamfanonin da ke ƙera kwamfutar tafi-da-gidanka, wato laftof, suna saita ta ne da tunanin mai ita na zaune a inda wuta ba ta yankewa, ɗakinsa kuma na da sanyi. HP da Apple duk sun rubuta cewa iyakar zafin wurin da ya kamata a yi aiki da laftof ɗinsu shi ne digiri 35. A Haɗejiya kuwa, a watannin Afrilu da Mayu zafin rana kan haura digiri 40. Ta fuskar wuta, jihar Jigawa na ƙarƙashin kamfanin KEDCO tare da Kano da Katsina, kuma a tsarin hukumar NERC layin Band A ne kaɗai aka yi wa alƙawarin aƙalla awa 20 a rana, daga nan abin ya yi ta sauka har zuwa Band E mai awa huɗu. Janareto ma tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 ya zama sai dole ake tayar da shi.

Wannan ya sa ɗalibin Binyaminu Usman Polytechnic ko na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa mai rubuta furojet, da mai shagon buga takardu, da malamin gona mai tattara bayanan manoman shinkafa a Auyo, duk batir ne jarinsu. Sau da yawa idan batir ya riƙa mutuwa da wuri sai a ɗora masa laifi, alhali saitin da kwamfutar ta zo da shi ne bai dace da wurinmu ba. Abubuwa uku za ka gyara: yadda take shan wuta lokacin aiki, yadda take kwanciya idan ka rufe ta, da lokacin da take sabunta manhajarta.

Fara da sanin lafiyar batirinka

Kafin ka taɓa kowane saiti, ka san abin da ya rage a batirin. Danna maɓallin Windows, rubuta cmd, ka buɗe shi, sannan ka rubuta powercfg /batteryreport ka danna Enter. Kwamfutar za ta ajiye wani fayil mai suna battery-report.html, ta kuma nuna maka inda ta ajiye shi. Buɗe shi ka nemi layuka biyu. Design capacity shi ne adadin wutar da batirin ke ɗauka yana sabo. Full charge capacity shi ne abin da yake iya ɗauka yanzu.

Idan na farko ya nuna 48,000 mWh, na biyu kuma 24,000, to rabin batirin ya tafi, ko da alamar da ke ƙasan allo na nuna maka kashi 100. Ba saitin da zai dawo da wannan rabin. Yawancin laftof ɗin da ke hannun mutane na hannu ne da aka sayo a Kano, a titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, don haka wannan gwajin na minti biyu ya kamata a yi shi a gaban mai shago tun kafin a biya kuɗi.

Rage shan wuta lokacin aiki

Lissafin mai sauƙi ne. Batir mai ƙarfin 45 Wh, idan kwamfutar na jan wat 15, awa uku zai yi. Idan ka sauko da ita zuwa wat 9, zai kai awa biyar. Batirin bai canza ba, abin da ake ja daga cikinsa ne ya ragu.

A Windows 11, shiga Settings, sai System, sai Power & battery. A wurin Power mode akwai zaɓi uku: Best power efficiency, Balanced, da Best performance. Idan rubutu kake yi a Word, ko lissafi a Excel, ko karatun PDF, na farkon ya ishe ka, kuma da wuya ka ga bambanci a saurin aiki. Na ukun ka bar shi sai kana kan caji kuma kana aiki mai nauyi irin haɗa bidiyo. A Windows 10, danna alamar batir da ke ƙasa ta hannun dama, za ka ga sandar da ake ja hagu don tsimin wuta.

A shafin ne kuma za ka ga Battery saver, wanda sababbin fitowar Windows 11 suka sauya wa suna zuwa Energy saver. A Windows 10 ba ya kunna kansa sai batir ya sauko kashi 20. Wannan ya dace da wanda ke da tabbacin samun soket mai wuta nan da ɗan lokaci. Kai da ba ka san yaushe za a kawo ba, ɗaga shi zuwa kashi 50 ko sama da haka, ko ka kunna shi da hannu da zarar an ɗauke wuta. Aikinsa shi ne rage hasken allo da dakatar da manhajojin da ke aiki a ɓoye.

Hasken allo na cikin manyan masu cinye batir, don haka a cikin ɗaki ka sauke shi zuwa rabi ko ƙasa da haka. Kashe Bluetooth da fitilar kibod idan ba ka buƙatarsu. Sannan danna Ctrl da Shift da Esc tare don buɗe Task Manager, ka shiga sashen Startup, ka kashe manhajojin da ke tashi da kansu duk lokacin da aka kunna kwamfuta, irin su Teams da Spotify, in ba ka amfani da su. Masu Chrome su shiga Settings, sai Performance, su kunna Memory Saver da Energy Saver.

Bambancin Sleep da Hibernate

Nan ne mutane suka fi yin asarar aiki. Idan ka rufe murfin laftof, abin da take yi a saitinta na asali shi ne Sleep. A wannan hali duk abin da ka bari a buɗe yana nan a cikin RAM, shi kuwa RAM ba ya riƙe komai sai da wuta. Ke nan batir na ci gaba da zuba a hankali. Sababbin kwamfutoci da yawa ma suna amfani da wani tsari da ake kira Modern Standby, inda na'urar ba ta yin barci sosai, tana iya farkawa ta leƙa intanet alhali tana cikin jaka. Shi ya sa wani zai rufe ta da kashi 70 a Haɗejiya, ya isa Dutse ko Kano ya ciro ta da zafi, batir ya kusa ƙarewa.

Hibernate daban yake. Kwamfutar za ta kwashe duk abin da ke cikin RAM ta rubuta shi a ma'adanarta, cikin wani fayil mai suna hiberfil.sys, sannan ta mutu gaba ɗaya. Ko kwana uku ta yi ba wuta, idan ka kunna za ka tarar da takardunka a buɗe yadda ka bar su. Tashinta ya fi na Sleep jinkiri da 'yan daƙiƙoƙi, kuma a kwamfuta mai SSD jinkirin ba wani abin damuwa ba ne.

Windows kan ɓoye wannan zaɓin. Ga yadda za ka fito da shi:

1. Buɗe Control Panel, ka shiga Power Options.
2. Danna Choose what the power buttons do.
3. Danna Change settings that are currently unavailable.
4. Sa alama a akwatin Hibernate.
5. A layin When I close the lid, ƙarƙashin On battery, zaɓi Hibernate, sannan ka danna Save changes.

Idan ba ka ga akwatin ba, buɗe cmd a matsayin administrator ka rubuta powercfg /h on.

Akwai saiti ɗaya kuma da ke ceton aiki. A cikin Power Options, shiga Change plan settings, sai Change advanced power settings, ka sauka zuwa Battery. Tabbatar Critical battery action na kan Hibernate. Idan batirinka ya tsufa, ɗaga Critical battery level zuwa kashi 10, domin tsohon batir kan faɗo daga kashi 8 zuwa sifili kafin kwamfutar ta gama adana aikinka.

Wani abin lura: tun daga Windows 8 da ta fito a 2012, akwai tsarin Fast startup, wanda ke sa Shut down ba ya kashe komai da komai, yana ajiye wani ɓangare na babbar manhaja don ta yi saurin tashi. Saboda haka idan kwamfutarka ta fara nauyi ko fanka ta ƙi yin shiru, Restart za ka yi. Mai yawan amfani da Hibernate ya riƙa yin Restart ko da sau ɗaya a mako.

Zafi da cikakken caji

Batirin lithium da ke cikin laftof na da maƙiya biyu: zafi, da daɗewa a cike taf. Idan suka haɗu, kamar kwamfutar shago da ke jone a sola daga safe zuwa yamma a watan Afrilu, batirin kan tsufa da wuri. Tsohuwar maganar nan ta cewa sai batir ya mutu murus kafin a sa caji, ta zamanin batiran nickel ce, kuma cutar da batirin yanzu take yi.

Kamfanoni sun tanadi hanyar tsayar da caji kafin ya cika. A Lenovo akwai Conservation mode cikin manhajar Lenovo Vantage. A ASUS akwai shi cikin MyASUS. A Dell akwai zaɓin Primarily AC use. A HP EliteBook da ProBook akwai Battery Health Manager a cikin BIOS, wanda ke iya tsayar da caji a kashi 80.

Sai dai ba kowa wannan ya dace da shi ba. Idan kana da sola ko inbata kuma kwamfutar na yini a jone, kunna shi. Idan kuwa awa uku ko huɗu kake samun wuta sannan ka yini kan batir, cika shi ɗari bisa ɗari, don kashi 20 ɗin nan aikin kusan awa guda ne a wurinka.

Kada ka ɗora laftof kan katifa ko darduma, domin ta ƙasa take shaƙar iska. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, don haka bayan wucewar sanyi, kafin bazara ta kankama, ka kai wa mai gyara ya buɗe ya share. Idan ka ga wurin da ake shafawa da yatsa ya fara tasowa ko murfin ƙasa ya buɗe baki, batir ne ya kumbura. Daina caji nan take, a canza shi.

Da damina kuma, cire caja daga bango idan hadari ya taso da tsawa. Mutanen Auyo, Kafin Hausa, Kiri Kasamma da Guri ba su manta ambaliyar 2020 da ta 2022 ba. Idan ta kama za ka ajiye kwamfuta na makonni, bar batirin a wajen kashi 50, ka kashe ta gaba ɗaya ta hanyar riƙe Shift yayin danna Shut down, ka sa ta a leda mai kauri a wuri mai tudu. Kwafin muhimman takardunka kuma ya kasance a filash ko Google Drive.

Sabunta manhaja a lokacin da kai ka zaɓa

Microsoft na fitar da gyare-gyaren tsaro ranar Talata ta biyu a kowane wata. Kashe sabuntawa gaba ɗaya kuskure ne, domin ta nan ake toshe ƙofofin da ɓarayin intanet ke bi. Haɗarin shi ne ta fara a lokacin da batir ke kashi 15 kuma ba wuta. Idan kwamfuta ta mutu a tsakiyar wannan aiki, tana iya ƙin tashi.

Idan da hotspot ɗin waya kake shiga intanet, je Settings, sai Network & internet, sai Wi-Fi, ka buɗe bayanan layin ka kunna Metered connection. Wannan zai hana Windows sauke yawancin manyan fayiloli ba da saninka ba, datarka ma ta huta. A shafin Windows Update kuma akwai Pause updates, da ke ba ka damar ɗage sabuntawa har mako biyar. Ranar da ka samu wuta tsayayya, batir ya haura rabi, sai ka jona caja ka danna Check for updates da kanka.

Sabunta BIOS ya fi kowanne buƙatar taka-tsantsan, domin ita ce manhajar da ke kan allon uwa, wadda ke tayar da kwamfutar tun kafin Windows. Tana gyara matsalolin caji da na fanka, amma idan wuta ta yanke ana cikin rubuta ta, gyaran sai ƙwararre. Kada ka yi ta sai batir a cike kuma caja a jone, kuma daga shafin kamfanin kaɗai ko manhajarsa, irin su HP Support Assistant, Dell SupportAssist da Lenovo Vantage. Idan an kulle ma'adanarka da BitLocker, ka fara kwafe lambar buɗewa mai alƙaluma 48 daga asusunka na Microsoft.

A ƙarshe, Microsoft ta kawo ƙarshen tallafin Windows 10 na yau da kullum ranar 14 ga Oktoban 2025. Windows 11 kuma tana buƙatar TPM 2.0, kuma a ɓangaren Intel sai furosesa ta ƙarni na takwas zuwa sama. Mai shirin sayen ta hannu ya duba wannan: i5-8250U ta ƙarni na takwas ce, i5-6300U ta shida ce. Wanda tasa ba ta kai ba yana iya duba shirin ESU na ƙarin gyaran tsaro, ko ya koma Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne kuma suna tafiya lafiya a tsofaffin na'urori.

Idan lokacinka kaɗan ne, yau ka yi abu uku: ciro rahoton batir, mayar da rufe murfi zuwa Hibernate, ka kuma kunna Metered connection. Sauran ka bi su ɗaya bayan ɗaya ranar da aka kawo wuta.