Zubar jini cikin kai: ciwon da ido ba ya gani

A karkarar Ajekoriya, kudu da Dakoro, babur da amalanke da raƙumi su ne abin hawan yau da kullum, faɗuwa kuwa ba baƙon abu ba ce. Idan mutum ya bugu a kai, ya miƙe ya kakkaɓe rigarsa, sai a yi masa barka a watse. Amma likitoci sun san wani lokaci jini yana nan yana zuba a ɓoye.

Ƙwaƙwalwa tana cikin ƙoƙon kai, lulluɓe da tantani uku. Ƙashin kan babba ba ya buɗewa, saboda haka duk jinin da ya taru a ciki sai ya danne ƙwaƙwalwa. Zubar jinin iri huɗu ce.

Ta farko tana faruwa tsakanin ƙashi da tantanin waje, galibi idan an bugu a gefen kai, tsakanin ido da kunne, inda ƙashi ba shi da kauri. Sanda ko harbin jaki ya isa. Mutum ya kan suma, ya farfaɗo, har ya yi hira, bayan 'yan sa'o'i barci mai nauyi ya ɗauke shi. Idan aka yi masa aiki da wuri ya kan warke sarai.

Ta biyu tana ƙarƙashin tantanin waje. Ga tsofaffi ta kan taru sannu a hankali, makonni bayan ƙaramin bugun da an riga an manta da shi. Dattijo ya fara mantuwa da tangaɗi, a ce tsufa ne, alhali jini ne da ake iya cirewa.

Ta uku tana tsakanin tantani na biyu da na uku, sau da yawa saboda fashewar jijiyar da ta yi kumburi. Alamarta ciwon kai mai tsanani farat ɗaya, da amai, da sanƙarewar wuya.

Ta huɗu tana cikin naman ƙwaƙwalwa kanta, babban dalilinta kuwa hawan jini. Baki ya karkace, magana ta sarƙe, ɓarin jiki ya shanye. Hawan jinin masu ciki ma yana jawo ta.

Ba a tantance irin zubar sai da na'urar hoton kai da ake kira sikana, wadda Godfrey Hounsfield ya ƙera a Ingila, aka fara gwada ta kan majinyaci a 1971. Irin wannan hoto da aikin kai sai manyan asibitoci, kamar na Maraɗi da Yamai. Hanya kuwa da nisa, don haka jiran wayewar gari hasara ne.

Wanda ya bugu, kada a bar shi shi kaɗai a yini da daren farko. Idan ya yi amai, ko ya ruɗe, ko tashinsa daga barci ya yi wuya, a kai shi gidan likita nan take. Kada a ɗura masa ruwa ko rubutu yana sume, kada a ba shi asfirin, don tana hana jini daskarewa. Ƙaho da tsagar wanzami ba su kai wa ga jinin da ke bayan ƙashi.

Rigakafi ya fi sauƙi: mai babur ya sa hular kwano, a rage gishiri, babba ya riƙa zuwa awon jini. Wanda awonsa ya kai 14 bisa 9 a kai a kai, ya bi maganin likita ko da yana jin lafiya lau.